Abin da kwanbata mai yawan juyi ta canja a motata

Motata Chevrolet Silverado ce da na saya ta hannu, mai injin V8 na lita 5.3 da giyar atomatik ta 4L60E mai hawa huɗu. Bayan na sa an canja mata kamshaf, wato sandar da take buɗe bawul-bawul na injin, da wanda yake barin bawul a buɗe na tsawon lokaci, ƙarfin injin ya koma can sama, har ya zama sai juyinsa ya kusa 2,500 a minti sannan ya farka sosai. A ƙasa da haka motar ta yi nauyi wajen tashi, kuma idan na tsaya a danja tana cikin giya, sai ta riƙa karkarwa tana neman turawa gaba duk da ƙafata tana kan birki. Wannan ne ya sa na nemi wata kwanbata.

Kwanbata ita ce take tsakanin injin da giyabos a motar atomatik, tana yin aikin da kuloci yake yi a motar da ake sa wa giya da hannu. A cikinta akwai farfela biyu nutse a mai, kamar fanka biyu da aka sa fuska da fuska: injin yana juya ɗaya, mai yana tura ɗayar. A tsakiyarsu akwai ta uku ƙarama da take mayar da man ta hanyar da ƙarfin juyawar yake kusan ninkuwa a lokacin tashi. Ana auna kwanbata da yawan juyin da injin zai kai idan an danne birki, an taka totur har ƙasa, kuma tayoyi ba su motsa ba. Ta kamfani a irin motata ba ta kai 2,000 ba. Na yi odar kwanbata mai juyi 2,800 daga Amurka, kuma masu sayarwar sun tambaye ni nauyin motar da irin kamshaf ɗin da girman tayoyi, domin kwanbata ɗaya takan ba da juyi dabam-dabam gwargwadon ƙarfin injin da nauyin da yake ja.

Ranar ɗaurawa na tsaya tare da bakanike har aka gama. Ya fara zuba wa sabuwar kwanbatar kusan lita ɗaya ta man giya, sannan ya zura ta a bakin giyabos yana juyawa yana turawa a hankali, har muka ji ta faɗa ciki hawa uku. Ya ce idan ba ta zauna a hawa na ƙarshe ba aka ɗaure kusoshi, famfon giyar zai fashe tun a tayarwar farko. Da aka haɗa giyabos da injin, ya auna tazarar da ke tsakanin kwanbatar da farantin bayan injin, wadda ake so ta kasance milimita 3 zuwa 5.

Sabuwar kwanbatar ba ta ƙara wa injin ƙarfin doki ko ɗaya ba. Abin da ta yi shi ne ta bar shi ya haura zuwa inda ƙarfinsa yake kafin ta ɗora masa nauyin motar. Idan na taka totur da gaske daga tsaye, allurar juyi tana tsallakawa nan take, motar ta zabura, wani lokaci har tayoyin baya su yi ƙara. Karkarwar nan ta wurin danja ma ta tafi.

Tuƙin yau da kullum kuwa ya ɗauki wani salo. A cikin gari, da ɗan totur kaɗan, motar tana tafiya tun kafin juyin injin ya kai 2,800, amma akwai sanyin jiki: injin yana ɗaga murya fiye da yadda gudun yake ƙaruwa, kuma shan mai ya ƙaru. Babbar matsalar ita ce zafi, domin duk santsin da ke tsakanin farfelolin nan zafi yake komawa a cikin man giya. An fi son man ya zauna tsakanin digiri 80 da 95, idan ya haura 120 kuma sai ya fara lalacewa da sauri, ya ja faifan kulocin cikin giyar. A Kano, inda zafin watan Afrilu yake wuce digiri 40, cunkoson rana kaɗai ya isa ya tura allurar sama. Saboda haka na ƙara wa giyar ƙaramin lagireto nata na dabam a gaban na injin, na kuma sa ma'aunin zafi inda idona zai riƙa ganinsa, kuma a ganina duk wanda zai sa irin wannan kwanbata a ƙasa mai zafi bai kamata ya raba sayenta da sayen waɗannan biyun ba.

A kan babban titi bambancin yana ɓacewa, saboda kwanbatar tana da kulocin kullewa da yake haɗe injin da giya kai tsaye idan gudu ya daidaita. A hanyar Zariya juyin injin da shan mai sun koma kusan yadda suke a da. Jan kaya mai nauyi ne na rage, domin a hawan tudu kullewar takan saki, man giya ya ɗau zafi. Da injina na kamfani ne ba a taɓa kamshaf ɗinsa ba, da ban canja kwanbatar kamfanin ba, domin ƙarfinsa yana ƙasa, daidai inda aka tsara ta ta kama.