"Tsirkiya Kawai Za Ka Canza Mini"

Wannan ita ce maganar da na fi ji a shagona da ke Kaduna. Yaro zai shigo da jitar lantarki a kafaɗa, ya ajiye ta a kan tebur, ya ce, "Oga, tsirkiya kawai za ka canza mini, sauri nake." Ni kuwa kafin in taɓa tsirkiya sai na juya jitar na duba jakinta. Jaki nake kiran ƙarfen nan da tsirkiyoyi ke hawa a ƙasan jita, kamar yadda masu goge da garaya ke kiran ɗan itacen da ke ɗauke da tasu tsirkiyar. A wurin Baba na gaji sunan.

Baba ba mahaifina ba ne, maigidana ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana kaɗa jita a otal-otal na Sabon Garin Kano, da yatsu suka fara ciwo ya koma gyara. Lokacin da na je wurinsa, abin da na sani na jita shi ne wadda na haɗa da kaina da gwangwanin mai da wayar birkin keke. Ya dube ta, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya miƙa mini tsintsiya. Wata uku ina shara ina goge tsatsa da tsohon buroshin haƙori kafin ya yarda in riƙe alanki. Ranar da ya fara ba ni aiki, wata jita ce irin ta Les Paul. Na kwance tsirkiya shida gaba ɗaya don in nuna zafin nama, ina ɗaga ta sai jakin da ƙarfen bayansa suka zame suka faɗo, suka karce fentin. Irin wannan jakin, wanda kamfanin Gibson ya fara sa wa Les Paul a 1954 ake ce masa Tune-o-matic, ba a ɗaure yake ba, ƙarfin tsirkiya ne ke danne shi. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, kai za ka gaya wa mai ita." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Jakin jitar Stratocaster, wadda kamfanin Fender ya fitar a shekarar nan ta 1954, wani hali ne da shi daban. Idan ka buɗe murfin bayan jitar za ka ga sifirin, yawanci uku, wasu har biyar, suna jan jakin baya yayin da tsirkiyoyi ke jansa gaba. Tamkar sikelin mai awo ne. To sai mutum ya cire tsirkiya mai lamba 9 zuwa 42 ya sa mai kauri, 10 zuwa 46, ya ga jakin ya ɗaga gindi sama, ya ce jita ta lalace. Ba ta lalace ba, an ƙara wa gefe ɗaya nauyi ne. Sai a ɗaure sukurori biyu da ke riƙe da sifirin a hankali, a sake saiti, a sake ɗaurewa, har jakin ya zauna da tazarar kamar milimita 3 daga jiki, ko ya kwanta sarai idan mai ita ba ya amfani da sandar girgiza sauti. Jita mai jakin da ake kira Floyd Rose kuwa, ranar da aka kawo ta nakan ce wa yarana kada kowa ya yi mini magana. Sai ka yanke ƙwallon da ke gindin tsirkiya, ka cusa ta a maƙale da alanki, ka tokare jakin da ɗan katako, kuma duk tsirkiyar da ka ja sai sauran biyar sun sauka.

Amma aikin da nake alfahari da shi, wanda ya sa masu kiɗan coci daga Kafanchan da Zariya ke aiko mini da jita a mota, shi ne daidaita sirdi. Kowace tsirkiya tana da ɗan sirdinta a kan jaki, mai matsawa gaba da baya. Tsawon tsirkiya daga kan wuya zuwa sirdi a jitar Fender inci 25 da rabi ne, na Gibson inci 24 da kwata uku, kuma gaɓa ta 12, cikin gaɓoɓin ƙarfen da ke jere a wuyan jita, ita ce tsakiya. Ka kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danna a ta 12. Idan sautin ya haura inda ya kamata, a ja sirdi baya. Idan ya gaza, a turo shi gaba. A baki abu ne mai sauƙi. Sai dai ba a fara shi sai wuya ya miƙe daidai, an kuma saita tsayin tsirkiya, kamar milimita 2 a mai kauri, ƙasa da haka kaɗan a siririya. Wanda ya fara da sirdi zai yi aiki sau biyu. Kuma ina yi ne jitar na kan cinyata yadda ake kaɗa ta, don idan tana kwance a tebur nauyin wuyanta kaɗai kan sauya sauti. Ina da na'urar saiti, ina kuma amfani da ita, amma Baba da kunne ya koya mini, har yau kunnen ne ke yanke hukunci.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne tsirkiyar jabu. Kwali ka rantse na D'Addario ne ko Ernie Ball, launi da rubutu duk sun yi, amma abin da ke ciki ko wayar birkina ta dā ta fi shi mutunci. Kaurinta ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, don haka ko ka kai sirdi bango ba za ta daidaita ba. Wani dillali ya taɓa kawo mini kwali ashirin yana rantsuwa, na buɗe ɗaya a gabansa, ga tsatsa tun a cikin leda. Mai jita zai sayo irinta a kasuwa don arha, ya kawo in ɗaura, bayan mako biyu ta tsinke a tsakiyar biki, ya dawo yana cewa hannuna ne. Yanzu ba na ɗaura tsirkiyar da ba ni na sayo ba, sai dai mu yi yarjejeniya tun farko.

Ba kullum laifin tsirkiya ba ne, gaskiya. Idan tana yawan tsinkewa a wuri ɗaya, daidai kan jaki, to sirdin ya yi kaifi, sai a bi shi da samfefa mai laushi. Ramukan da tsirkiya ke bi a saman wuya kuma bakin fensir nake goga musu don kada ta maƙale.

Ga kuma yanayinmu. Da hunturu katako ya bushe, wuya ya motsa, bakin ƙarafan gaɓoɓi ya fito yana yankar yatsa. Da damina kuma gumi da laima su cinye ƙananan sukurorin sirdi har alanki ya kasa kamawa. Nakan jiƙa su da mai su kwana, wani lokacin kwana biyu. Shi ya sa nake ce wa masu jita su zo sau biyu a shekara, su kuma ajiye ƙyalle a jaka su riƙa gogewa bayan kiɗa. Cikin goma da wuya biyu su yi.

Kwanakin baya wani Buzu daga Agadas ya zo da jitarsa, jakin cike da yashi, sifirin ɗaya ya ɓata an maye shi da na gadon ƙarfe. Yana ƙorafin amfilifaya na gurnani sai ka ce injin niƙa. Na buɗe baya, sai ga wayar da ake likewa da darma a jikin ƙarfen da ke riƙe sifirin ta cire. Minti biyar na like ta, gurnanin ya ɗauke. Sauran aikin ya ci mini yini guda. Da ya karɓa ya zauna a benci ya kaɗa har mai shayin da ke gefe ya bar tukunyarsa ya leƙo. Da aka zo biya kuwa sai ya dube ni ya ce, "Haba Malam, ai tsirkiya kawai ka canza." Na ɗauko tsohon sifirin gadon na ajiye masa a tafin hannu, ya juya shi, ya yi murmushi, ya ƙirgo kuɗin cif.