Zobe ɗaya, ƙusa ɗaya

Asabar, Leeds. Ƙarfe 11 na dare ta gota.

Babban yatsana na dama ya kumbura har ya fara baƙi a gindin farce, don haka a hankali nake wannan rubutu. Amma ba zan kwanta ban rubuta ba, gudun kada abin da Baffa ya faɗa mini ɗazu ya zube kafin safiya.

Da sanyin safiya na fita, ana yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa ƙasa sosai amma yana shiga ƙashi. Jakar kayan atisayen takobi a kafaɗa, doguwa, mutane na ɗauka sandunan kamun kifi ne a ciki. Atisayenmu sai ƙarfe 2, sai na ce bari in fara biyawa ta gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke bakin ruwa, tunda shiga kyauta ce. Tun 1996 aka buɗe shi a nan, aka kwaso yawancin kayan daga Hasumiyar Landan. Na shiga ya fi sau goma, har yau in na ɗaga kai a matattakalar da aka jera takubba da masu da kwalkwali a bangonta tun daga ƙasa har sama, sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Yau ban tsaya wajen sulken giwar nan na Indiya mai kilo 118 ba, inda yara ke cincirindo. Na ɗan dakata gaban kayan ƙarfen da aka ƙera wa Sarkin Ingila Henry na takwas a 1520, wanda ya rufe jiki ruf, babu kafar da tsinin allura zai samu ya shiga, kuma aka ce bai ma sa shi a gasar da aka yi shi dominta ba saboda an sauya ƙa'ida. Daga nan na wuce abin da ya kawo ni, wato rigunan sulke.

Na kai kusan awa ɗaya hancina a jikin gilashi. Daga nesa sulke kamar raga ce kawai. Sai ka matso za ka ga kowane zobe ya sarƙe da huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kuma kowane ɗaya an daddale bakinsa biyu, an haɗa, an huda, an sa 'yar ƙusa wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, an dakace ta. Wannan ƙusar ce duk sirrin. Zoben da aka lanƙwasa kawai aka haɗa bakinsa, tsinin mashi na taɓa shi zai buɗe. Mai ƙusa kuwa sai dai ƙarfen ya tsinke. A tsofaffin riguna ma jeri ɗaya na zobba masu ƙusa ne, jeri ɗaya na waɗanda aka huda daga falle ba su da baki sam, a rage aiki a ƙara ƙarfi. Riga ɗaya tana cin zobba sama da 20,000. Na yi ta tunanin mutumin da ya zauna wata da watanni da ɗan hantsaki da guduma, a hasken taga, yana sa ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ya san in ya yi ha'inci a zobe guda wataƙila ta nan ajalin wani zai shiga. Maƙeran Nuremberg a Jamus har zoben tagulla suke saƙawa a jikin rigar da sunansu a kai. Wanda ya yarda da aikinsa ne kaɗai ke yin haka.

A nan ne adakar kakanmu ta faɗo mini. Tana ɗakin zaure a gida, an ɗora mata buzu da tsofaffin alluna. A cikinta akwai sulke da takobi da hamilarsa, na mahaifin kakanmu ne, wanda ya yi hawa a zamaninsa. Sau biyu na taɓa ganin an fito da su ina yaro, abin da na riƙe kawai shi ne nauyi da warin tsatsa da man da aka shafa. Ban taɓa duba zobban ba. Nan take na tura wa ƙanena saƙo, na ce ya roƙi Baffa a buɗe, a ɗauko mini hoto na kusa sosai.

Na yi azahar a wani lungu da ba kowa, na ci burodi da shayin da na zo da shi a filas, na kama hanya.

A zauren wasannin wata makaranta muke haɗuwa, mu kusan 15. Akwai direban bas, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai ɗalibai irina, da wani dattijo mai furfura da ya fi kowa saurin ƙafa. Takubban da muke amfani da su na ƙarfe ne amma dakusassu, bakinsu a lanƙwashe, suna da taushin da za su lanƙwasa in an yi suka. Nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da rabi ba, haka ma dogon takobin yaƙi na gaske mai hannu biyu yake. Duk wanda na ba shi ya riƙe sai ya yi mamaki, don an saba jin cewa takubban da sai ƙato ke iya ɗaga su. Muna sa kwalkwali mai raga a fuska, da safar hannu mai tauri, da riga mai kauri da aka cusa aka ɗinke layi-layi. Ranar da na fara sa rigar nan na ce a raina, wannan ai lifidi ne. Namu da audugar rimi ake cusa shi, doki da mahayi duka, nasu na da can da ƙyallen lilin ko ulu, amma dabarar ɗaya ce: sulke ya hana yanka, lifidi ya shanye duka.

Hanyar da muke karantawa ta wani malamin takobi ce ɗan Jamus na ƙarni na 14, Johannes Liechtenauer. Abin da ya sa na kamu da son karatun tun farko shi ne yadda ya bar iliminsa. Baitoci ne gajeru, a dunƙule, ya rufe ma'anarsu da gangan don kada kowa ya tsinta a hanya. Almajiransa da almajiran almajiransa ne suka zo suka yi sharhi, baiti ɗaya sai a yi masa shafi guda, kamar wanda ke cikin wani kundi na 1452. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san wannan tsari: matani a haddace, sharhi a bakin malam. Malaminmu ma haka yake yi, ya karanta baitin, ya karanta sharhin, sannan ya ce a tashi a gwada, in jiki bai yarda da fassarar ba to fassarar ce da gyara.

Tsayuwa huɗu ce ginshiƙi, kuma sunayensu na ƙauye ne ƙwarai. Akwai sa, takobi a gefen kai tsininsa na kallon fuskar abokin karawa kamar ƙaho. Akwai garma, mariƙin a ƙugu tsini ya ɗago. Akwai wawa, tsini a ƙasa kamar ka saki jiki, alhali tarko ne. Sai ta rufi, takobi a kafaɗa ko bisa kai yana jiran saukowa. Ina kiransu da Hausa a zuciyata, sun fi zama.

Darasin yau a kan abin da suke kira saran fushi ne, da abin da ke biyo bayansa. Mutum ya kawo maka sara daga kafaɗarsa ta dama, kai ma ka kawo naka daga taka, takubba su haɗu a tsakiya. Daga wannan haɗuwa ne karatun ke farawa. Ruwan takobi kashi biyu ne, daga mariƙi zuwa tsakiya shi ne ƙarfinsa, daga tsakiya zuwa tsini rauninsa. In ƙarfe ya taɓa ƙarfe, sai ka ji ta tafin hannunka ko mutumin ya danno da ƙarfi ko ya yi sako-sako. Ya yi sako-sako, ka miƙa tsini zuwa fuskarsa. Ya danno, kada ka yi ja-in-ja da shi, ka bar ƙarfinsa ya wuce da shi, ka zame ka sara ta ɗaya gefen, ko ka murɗa ƙarfin takobinka ya hau raunin nasa. Kalmar da sharhin ya nanata ita ce ji. Ido ba ya riskar abin, ya yi sauri da yawa, hannu ne ke ji ya yanke hukunci a lokaci guda.

Da dattijon nan aka haɗa ni. Sau uku muna haɗa takubba ina dannawa da kafaɗa, sau uku yana ɓacewa daga ƙarƙashin takobina kamar na danna ruwa. A na huɗu na miƙa hannu gaba kafin takobin ya rufe mini hanya, nasa ya sauka a kan yatsana. Duk da safar, sai da na ga taurari. Ya cire kwalkwali nan da nan ya riƙe hannun yana dubawa, yana ta ba ni haƙuri, ni kuwa na san laifin nawa ne. Bayan na huta ya ce in rufe ido, muka haɗa takubba a hankali, yana dannawa yana saki, ni aikina in faɗi wanne ya yi. Can wajen karo na goma wani abu ya buɗe. Na ji sakinsa tun kafin ya gama saki, tsinina ya tafi da kansa ya tsaya a ragar fuskarsa. Wata takwas ina karanta kalmar nan, yau na san abin da take nufi. Daɗin da na ji ya danne zafin yatsan har muka tashi.

Kafin mu watse malamin ya tara mu ya yi maganar da yakan yi lokaci-lokaci. Ya tuna mana Towton, ƙauyen da bai fi tafiyar rabin awa a mota daga nan ba, inda aka gwabza ranar 29 ga Maris 1461 cikin dusar ƙanƙara tsakanin gidan York da gidan Lancaster, masu rigimar sarautar Ingila. A 1996 an tono wani rami mai gawarwaki kusan 40, yawancin raunukan a kai suke, akwai ƙoƙon kan da aka ƙirga masa sara takwas. Ya ce mu riƙa tuna abin da aka yi wannan ilimi dominsa, don mu riƙe shi da ladabi. Kowa ya yi tsit. Na ji daɗin wannan magana, don ba na son ranar da zan ɗaga takobi in manta cewa ɗan wata ne ake sara da shi.

Da muka fito duhu ya riga ya yi, magariba ta wuce tun ƙarfe 4 da 'yan mintuna. A bas na buɗe waya ina duba hotunan shafukan wani kundi da ke ajiye a gidan tarihin da na je da safe, wanda suke kira I.33. Shi ne littafin koyon takobi mafi tsufa da aka sani a Turai, na wajen shekarar 1300, da Latin aka rubuta shi a Jamus: wani limamin coci yana koya wa ɗalibinsa takobi da ƙaramar garkuwa, a shafukan ƙarshe har mace ta shigo. Mutanen nan iliminsu ya mutu murus da bindiga ta yi ƙarfi, ɗaruruwan shekaru ba wanda ya gāda daga hannu zuwa hannu. Takarda ce ta cece su. Daga kundaye irin wannan, da na Fiore, malamin takobi ɗan Italiya, na wajen 1410, suka sake tada shi.

Shekarar nan ta 1410 ta tsaya mini a rai. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ashe lokacin da Fiore ke rubuta littafinsa, barade na sa sulke a Kano. Mu kayanmu ba su shiga gilashi ba tukuna, duk sallah 'yan sulke da 'yan lifida da 'yan kwalkwali suna fitowa a kan dawaki, ana kaɗa musu. Sai dai yadda ake sara, yadda ake karewa da garkuwa, yadda ake juya doki a kawo takobi, ban taɓa ganin wanda ya rubuta ba.

Bayan isha sai ga kiran bidiyo daga gida. Baffa ne da kansa, ƙanena na riƙe masa wayar, sulken a shimfiɗe kan tabarma ana haska shi da tocila.

"Baffa, barka da dare. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, ɗana. Kai da aka tura karatu, me ya haɗa ka da kayan kakanni?"

Na yi masa bayani, na nuna masa yatsan. Ya yi salati, ya ce in sa man zafi. Sannan na ce a matso da wayar jikin rigar. Hoton ya yi ta rawa kafin ya tsaya. Ga su nan: a kan kowane zobe ɗan ƙullutu, kan ƙusa, wasu sun lashe saboda tsufa. A wajen hammata akwai faci da aka yi da zobba marasa ƙusa, sun fi sauran kauri, da gani gyaran baya ne. Na kasa magana na ɗan lokaci. A ruwan takobin kuma, kusa da mariƙi, ƙanena ya gano tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuska, irin wanda ake gani a takubban da suka ratso Sahara, da yawansu ƙirar Solingen ta Jamus, wasu kuma maƙeranmu ne suka kwaikwayi tambarin.

Na ce, "Baffa, ko an taɓa nuna muku yadda ake riƙe shi?"

Ya yi shiru, ya shafa gemu. Ya ce sau ɗaya, yana ɗan shekara goma, kakansu ya ɗauki karan dawa a tsakar gida ya nuna musu. Ya ce tsohon ya ce mahayi ba ya sara da ƙarfin dantse, yana miƙe takobi ne ya bar gudun doki ya yi yankan, kuma ba a damƙe mariƙi kamar ƙotar gatari, in ka damƙe, takobin zai tafi da wuyan hannunka. Sai Baffa ya miƙe, da tsufansa, ya karɓi sandarsa ya gwada mini: hannu a sake, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe, ya ja sandar daga gaba zuwa baya yana murɗa ƙugu. Ya ce akwai na biyu, na kare kai, amma ya ɓace masa.

Na roƙe shi ya sake, ƙanena ya ɗauka a ɗayar wayar. Sau uku ya yi. Ya kuma ce akwai wani tsoho a bayan kasuwa da mahaifinsa ɗan lifida ne, in na zo hutu zai kai ni, in Allah ya kai mu da rai da lafiya, don tsohon ya kwana biyu ba ya fita.

Bidiyon ya shigo ɗazu, daƙiƙa 41. Na sa shi a wurare uku. Na buɗe sabon littafin rubutu, a shafin farko na zana tsayuwar Baffa gwargwadon yadda yatsan ya bari, a ƙasa na rubuta maganar tsohon da kalmominsa yadda Baffa ya faɗe su, da ranar yau. Na ce wa ƙanena kada a goge sulken da yashi ko soson ƙarfe, a shafa masa mai kaɗan, a naɗe shi a busasshen ƙyalle a mayar adaka. Gobe zan duba kuɗin jirgi na watan Disamba.