Jørn Utzon, mai zanen gini da bai ga aikinsa ba

A wajen mahaifina na koyi gini a ƙauyenmu kusa da Ringim, da tubali da makuba da azara. Shi ya sa labarin Jørn Utzon ya tsaya mini a rai.

Ɗan ƙasar Danmak ne, an haife shi a 1918, mahaifinsa mai zanen jiragen ruwa ne. Yana matashi ya je Maroko, ginin ƙasa na ƙauyukan can ya burge shi ƙwarai. Daga baya ya zana gidajen Kingo a garin Helsingør na Danmak, kowane gida da tsakar gidansa da katanga ta kewaye shi. Da na ga hotunan a waya, wallahi sai na ga tsarin gidanmu. Mu kuwa yanzu muna rushe soraye muna kafa kwano, zafi na gasa mu a watan Afrilu.

A 1957 zanensa ya zo na ɗaya a gasar gina babban ɗakin kiɗa da wasan kwaikwayo na Sidni a Ostireliya. Rufin kaɗai ya ci tayil sama da miliyan ɗaya. Kuɗin aiki ya yi ta hauhawa, sabuwar gwamnati ta riƙe masa biya, ya ajiye aikin a 1966 ya tafi. Aka buɗe ginin a 1973, ko sunansa ba a ambata ba. Wannan ya yi mini ciwo, don duk magini ya san zafin a ƙwace masa aiki a hannu.

Ya zana ginin majalisar dokokin Kuwait, aka ba shi lambar Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini, a 2003. Ya rasu a 2008, bai sake taka Sidni ba.