Yatsu Goma A Sanyin Winnipeg

A Kano, abu biyu mai ɗaukar hoto yake tsoro: ƙurar hunturu ta shiga gilashin kyamara, ko batir ya mutu ana tsakiyar kamu. Shekaru na yi ina bin bukukuwa daga Fagge zuwa Gwale, ban taɓa tunanin yatsuna ba ko sau ɗaya. Na sauka Winnipeg a watan Oktoba da kyamarori biyu a jaka, da wata rigar sanyi da na saya a Ƙofar Wambai, wadda mai gwanjo ya rantse mini daga Kanada ta fito. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Masu ita sun san abin da ya sa suka rabu da ita.

Winnipeg ita ce babban birnin lardin Manitoba a Kanada, a tsakiyar fili fetal, ba dutse ba tudu da zai tare iska. A Janairu, digiri 20 ƙasa da sifili ba labari ba ne. Motoci za ka gan su da wayar lantarki tana leƙowa ta gaba, ana jona ta da dare don kada injin ya ƙi tashi da safe. Rediyo kuma lamba biyu yake faɗa kullum, sanyin da ma'auni ya nuna da sanyin da fata za ta ji idan iska ta haɗu da shi. Hukumar yanayi ta ƙasar ta ce idan lamba ta biyun ta kai tsakanin 28 da 39 ƙasa da sifili, fatar da ke waje za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Na ji wannan a makon farko, na ɗauka irin gargaɗin Turawa ne da suke yi wa kowane abu.

Aikina na farko wasu 'yan Najeriya ne, saurayi da budurwa, suna son hoton kafin biki a kan ƙanƙara. Muka haɗu a The Forks, inda kogin Red da kogin Assiniboine suka haɗe, wurin da ruwa ke sandarewa har mutane su yi yawo a kansa kamar titi. Na zo da safar hannu mai kauri da na saya a wani kanti, irin wadda idan ka sa sai hannunka ya koma kamar na ɗan dambe. Ɗumi kam akwai. Amma da na ɗaga kyamara, yatsa ɗaya sai ya danna maɓalli uku. Na kasa juya ƙaramar ƙafar da ake rage haske da ita, na kasa jin inda maɓallin ɗauka yake. Amarya tana tsaye cikin leshi tana karkarwa, ango yana kallona. Sai na cire ta dama na cusa a aljihu.

Ban san tsawon lokacin da na yi haka ba. Na dai san da na kama ƙarfen sandar kyamara don in matsar da ita, sai na ji kamar na taɓa murfin tukunya a kan wuta. Daga nan ban ƙara jin komai ba, har na yi murna cewa hannu ya saba. Ashe wannan shi ne wurin da ya kamata in tsorata. Kan yatsuna biyu ya yi fari-fari, ya yi tauri. A mota da jini ya fara dawowa, na san abin da ake kira zogi. Da na isa gida kuma na ƙara wa Borno dawaki, na tara hannun a ruwan zafi ina murzawa.

Ranar Juma'a a babban masallacin da ke titin Waverley wani dattijo ya lura da yadda nake alwala da hannu ɗaya. Da muka yi sallama sai na ji Hausa a bakinsa, irin ta zangon Kumasi. Ya daɗe a garin, ya yi shekaru yana aikin lodin kaya a waje, rani da hunturu.

"Ɗana, me ya sami hannun nan?"

Na ba shi labari. Ya juya yatsun yana dubawa.

"Allah ya rufa asiri, sama-sama ya cije ka. Gobe in ya sake faruwa kar ka murza, kar ka kai shi ruwan zafi. Ka sa a hammata, ko a ruwa mai ɗumi kamar wanda ake wa jariri wanka. In ya yi bororo ko ya yi baƙi, asibiti kai tsaye."

"Baba, to wace safa zan saya wadda ba ta da kauri kuma tana da ɗumi?"

Ya yi dariya har sai da ya riƙe kafaɗata.

"Ita nake nema tun kafin a haife ka. In ka same ta ka sayo mini biyu."

Na ɗauki lokaci kafin in gane dalilin dariyar. Safa ba ta yin zafi da kanta. Iskar da ta maƙale a cikin zarenta ita ke riƙe ɗumin da jikinka ya fitar, kuma iska sai da wuri. Siririya ba ta da wurin, mai kauri ba ta barin yatsa ya yi aiki. Mafita ita ce a sa biyu. A ciki siririya mai bin fata, ta ulun tumakin merino, wadda da ita zan iya danna kowane maɓalli, in canja batir, in zare katin hoto. A waje kuma wadda mutanen nan ke kira mit, mai kamar jaka, babban yatsa ne kaɗai ke da ɗakinsa, sauran huɗun suna kwana tare suna ɗumama juna. Tawa tana da murfi a gaba. In zan ɗauka sai in buɗe, yatsu su fito cikin siririyar, in gama in mayar. Abin da na hana kaina shi ne fata tsirara ta sake ganin iska ko ƙarfe.

Sauran na koya da kuɗina. Auduga, wadda muka taso muna yabo, a nan maƙiyiya ce: tana shan gumi ta riƙe, jiƙaƙƙen zare kuwa janye ɗumi yake yi. Safar da ta matse ma ba ta da amfani ko nawa aka saye ta, domin tana rage gudun jini, shi ya sa nake ɗaukar wadda ta bar ɗan sarari a kan yatsa. Ina duba tafin, ya zama da fata ko ɗigo-ɗigon roba, don ulu zalla santsi gare shi kuma kyamara ba ta faɗuwa sau biyu. Ina duba wuyan, ya yi tsawo ya shige ƙarƙashin hannun riga, saboda a nan jijiyoyin jini suke kusa da fata. Zaren da ake sakawa a kan yatsa don taɓa allon waya yana aiki, amma shi ne farkon abin da ke cinyewa. Yanzu ba na shiga kanti sai da kyamarata, in sa safar in gwada a gaban mai sayarwa. Ba wanda ya taɓa hana ni.

Akwai waɗanda aka ɗinka musamman don masu hoto, kan yatsa biyu yana buɗewa. A ganina suna da kyau zuwa kamar digiri 10 ƙasa da sifili, bayan nan ƙofar da aka yi wa yatsa ta zama ƙofar sanyi. Masu batir da ke ɗumama hannu kuwa tsada da kauri sun hana ni. Na fi son 'yan ƙullin nan masu garin ƙarfe a ciki, waɗanda da zarar an buɗe ledarsu iska ta taɓa su sai su fara ɗumi na sa'o'i. Ina jefa ɗaya a kowace mit.

Abin da ya fi ba ni mamaki, Baba ne ya faɗa mini wata rana yana kallon hulata ta zanna: in ƙirji da kai suka ji sanyi, jiki janye jini yake yi daga yatsu ya kai ciki, don haka mai son hannu ya yi ɗumi ya fara da riga da hula da cikinsa. Tun daga nan ba na fita aikin waje sai na ci abu mai nauyi. Matata ta samo garin gero a wani kantin kayan Afirka, kunu ya dawo gidanmu.

Kyamarar ma sai da na sake koyon zama da ita. Batura suna kwana a aljihun ciki kusa da jiki, don sanyi yana zuƙe su da wuri. In na kai ido kan kyamara ina riƙe numfashi, in ba haka ba tururin bakina ya daskare a kan allon. Kafin in shiga ɗaki ina rufe ta a leda mai zif har sanyin ya sake ta, kada raɓa ta taru a cikinta.

A Fabrairu na je Festival du Voyageur a unguwar Saint-Boniface, bikin hunturun da masu jin Faransanci na garin ke yi tun 1970, inda ake sassaƙa manyan siffofi da dusar ƙanƙara. Sa'a uku na yi a waje, na dawo da yatsu goma suna motsi. Da daren na kira Hajiya. Na same ta a gaban kaskon garwashi, ta ce bana sanyin Kano ya yi tsanani, har sallar asuba sai da ruwan ɗumi.

"Kai can yaya kuke yi?"

Na ɗaga mata safofin a waya, siririyar da mai kaurin.

"Waccan ta dambe ka riƙe abarka. Ƙaramar ka aiko mini."

Na aika mata guda biyu ta hannun wani mai zuwa gida. Ta ce ɗaya tana wurinta. Ɗayar ƙanina ya ɗauke, da ita yake hawa babur zuwa Kantin Kwari da sassafe.