Wasiƙa daga Haidarabad: kafin ku sa hannu a takardar lasisi

Assalamu alaikum, jama'ar Bauchi. Gaisuwa ta musamman ga malamanmu na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) masu bincike a kan itatuwan magani, domin da ku nake.

Nan Haidarabad ta Indiya cike take da masana'antun magani, kuma akasarin abin da suke sarrafawa ba su suka ƙirƙiro shi ba. Ko dai wa'adin mai shi ya cika, ko sun karɓi lasisi a hannunsa. Yarjejeniyar TRIPS ta 1995, wato ta ƙasashen duniya kan haƙƙin mallakar ƙirƙira, ta ba mai ƙirƙira shekara 20 ba mai taɓa masa kaya sai da izininsa. Lauyoyin manyan kamfanoni na cewa in kotu ba ta tsare wannan haƙƙi ba, ba mai zuba kuɗinsa a bincike. Suna da gaskiyarsu. Amma a 2001, maganin ƙanjamau na shekara ɗaya ya haura dala 10,000, sai kamfanin magani na Indiya, Cipla, ya ce zai bayar da shi a dala 350.

Abin da ya fi ci mini rai namu ne na gida. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa maganin sikila, Niprisan, daga masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani itace, ta samu takardar mallakarsa a Amurka a 1998. A 2002 aka ba kamfani guda, Xechem, lasisin yin sa shi kaɗai. Ya fito kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, a 2008 kamfanin ya durƙushe, magani ya ɓace daga kemis. A lokacin takardar mallaka tana aljihun gwamnati, amma ba mai ikon sarrafawa sai an warware lasisin. Duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai sikila a sanyin hunturu, yana murɗe-murɗe ana gasa masa ƙafa da tsumma mai ɗumi, ya san nauyin wannan asara.

Shi ya sa nake ganin tsarin Medicines Patent Pool, da aka kafa a 2010, ya fi mana. Sun karɓi lasisin maganin ƙanjamau na dolutegravir a 2014 suka raba wa masana'antu da dama. In wannan ya faɗi, wancan na aiki, kuma gasa na sauke farashi.

Dokarmu ta mallakar ƙirƙira ta 1970 ba ta sa a binciki ko abu sabo ne kafin a ba da takarda, saboda haka kada a cika murna da takardar ita kaɗai. Duk mai son ƙirƙirarku, ku sa a rubuta yawan da zai sarrafa a shekara, da ranar da lasisi zai dawo hannunku in ya gaza, da damar ba wani kamfanin. Ku nemi lauyan da ya san harkar tun kafin a zauna ciniki.

Naku, ɗan'uwanku a Indiya.