Abin da binciken Maria Fiatarone ya canza a aikina da tsofaffi

A shekarar 1990 wata likita a Boston ta Amurka, Maria Fiatarone, ta wallafa wani ɗan bincike a mujallar likitoci ta JAMA. Tsofaffi goma ta ɗauka daga wani gidan kula da tsofaffi, 'yan shekara 86 zuwa 96, duk jiki ya yi rauni. Ta sa su ɗaga nauyi da ƙafa a kan na'ura, sau uku a mako har mako takwas. Nauyin kuwa ba na wasa ba ne, ya kai kashi 80 cikin 100 na iyakar abin da mutum zai iya ɗagawa sau ɗaya. Tara suka kai ƙarshe, kuma ƙarfin cinyarsu ya kusa ninka uku.

Ina makaranta aka ba mu takardar mu karanta, amma sai da na fara aiki a sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti na gane amfaninta. Yawancin tsofaffin da ake turo mana ba tsufa kaɗai ya kayar da su ba. Zama ne. Dattijo ya yi jinyar zazzaɓi ko an yi masa aiki, ya warke sarai, amma ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. Akwai binciken da aka yi a Amurka a 2007 da ya nuna lafiyayyun tsofaffi sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafa a kwana goma kacal na kwanciya. To ina ga wanda ya yi wata guda?

A nan ne nake yawan gwabzawa da 'ya'ya, don ladabinsu ne ke kawo cikas. Hajiya ta yunƙura za ta ɗauko buta, sai a ce "Zauna, Hajiya, bari a kawo miki." Ta miƙa hannu ga tsintsiya, jika ya fizge. An sayo mata kujerar salla tun gwiwa ba ta gaza ba. Niyya mai kyau ce, Allah ya saka musu, sai dai tsoka ba ta san ladabi ba: wadda ba a sa ta aiki tafiya take yi. Kuma tafiyarta ba ƙarfi kaɗai take ɗauka ba. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, shi ya sa mai ciwon suga da ya daina motsi awonsa yake ta hawa ko da bai fasa shan magani ba.

Sai batun abinci. Dangi kan zo da leda cike da madara da magungunan ƙarin kuzari, suna ganin magana ta ƙare. Fiatarone da abokan aikinta sun gwada wannan ma a 1994, da tsofaffi 100. Waɗanda aka ba abincin ƙari kaɗai ba su ƙara ƙarfi ba. Waɗanda suka yi atisaye ƙarfinsu ya ninka, saurin tafiyarsu ma ya ɗan ƙaru. Ba na hana kowa ƙwai da wake da kifi, jiki na bukatarsu, amma na daina barin a tafi da tunanin sun isa.

Abin da ya fi yi mini wuyar koyo shi ne ƙara nauyi. Hannu kan yi sanyi idan tsohuwa sa'ar kakarka ce a gabanka, sai ka bar ta tana ta lilo da ƙafa babu komai a kai. Hakan ba ya gina tsoka. Yanzu bayan an auna jini an tabbatar zuciya lafiya, jakar yashi nake ɗaura mata a idon sawu, in ce, "Inna, miƙe ƙafar, riƙe, sauke a hankali." Idan ta yi takwas ba ta ko yamutsa fuska ba, mako mai zuwa yashi ya ƙaru. Ina rubuta sau nawa ta tashi daga kujera cikin daƙiƙa talatin ba tare da dafa hannu ba, in nuna wa 'ya'yan lambar, don ita suka fi yarda da ita.

Matsalar da ta rage ita ce ɗorewa. A binciken farko ma, da aka tsayar da atisayen, ƙarfin ya fara zubewa cikin wata guda. Kuɗin mota ba ya barin yawancin mutanenmu su zo sau uku a mako, don haka duk jikan da ya rako kakarsa, shi nake fara koya wa ɗaurin jakar da ƙirgen, in ba shi takardar da zai riƙa cikewa a gida.