Itacen da Wuta Ba Ta Ci: Tafiyata Maraɗi

Da sanyin safiya na shiga mota a tashar Katsina, da jakata ɗaya da kwalin sabulun da Inna ta ce in kai wa matar ƙanenta. Watan Maris ne, hunturu ya naɗe tabarmarsa, zafi ya fara ɗaga kai. Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai kilomita 100 ba, tsaye-tsayen hanya ne ke cinye wa mutum safiya: a tsaya a Jibiya, a nuna takarda a Magama, a sake nunawa a Ɗan Isa. Da muka tsallaka na canza nairata zuwa sefa, na koma lissafi da jika da dala kamar lokacin da Inna ke kawo mu hutu muna yara.

Zumunci ne ya fito da ni, amma akwai wani abu na biyu. Ni malamin ilimin ƙasa ne a makarantar sakandare. Bara ina neman abin da zan faɗa wa ɗalibaina kan yadda yanayin duniya ya sha juyawa, sai na ci karo da wani bincike na 2016 wanda Cindy Looy ta jagoranta. 'Yar ƙasar Holan ce, tana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma aikinta nazarin burbushin tsirran da suka daskare cikin duwatsu. Ina ganin sunan Moradi a takardar gabana ya faɗi, na ɗauka garin kakannina ake nufi. Ashe wani wuri ne can arewacin Nijar, kusa da Arlit, ɗaruruwan kilomita daga Maraɗi. Sai dai sunan ya tuno mini da wani dutse da ke tokare ƙofar zauren Kawu tun ina yaro, wanda ake hana mu wasa da shi.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a Bagalam ana kiran azahar. Kawu ya tsufa, gemu ya yi fari fat, amma muryarsa na nan. "Ɗan Inna, ka tuna da mu?" Bayan salla da gaishe-gaishe aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Ban gama sha ba na ce, "Kawu, dutsen nan yana nan kuwa?" Ya nuna bayan ƙofa da haɓa.

Na jawo shi cikin haske da hannu biyu, don nauyinsa ya fi ƙarfin hannu ɗaya. Tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa, launinsa ja-ja kamar goron da aka tauna, da zane-zanen fari. A waje ɓawo ne sak, da tsage-tsagensa, har da gurbin da reshe ya taɓa fita. A inda ya karye kuwa ga zobba nan, ɗaya cikin ɗaya, irin waɗanda ake gani idan an sare maɗaci. Na ƙwanƙwasa da makulli, ya yi ƙara kamar tangaran. Ina da ƙaramin madubin ƙara girma da nake nuna wa ɗalibai yashi da shi. Da na kara shi sai ga ƙananan ramuka a jere, hanyoyin da ruwa ke bi ya hau itace lokacin yana da rai.

Kawu ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota a hanyar Agadas. Ya ce wata rana mota ta lalace musu a wajen Ingal, ya aiki yaron mota ya samo icen shayi. Yaro ya hango gungume a kwance, ya kai hannu, ya kasa ɗagawa. Wani Buzu mai raƙuma da ya zo wucewa ya ce musu kada su wahalar da kansu, irin wannan itacen wuta ba ta cin shi, kuma gaba kaɗan akwai manya-manya kwance. "Na ɗauko guntun nan don in nuna wa mutanen gida ikon Allah. Wasu suka ce aikin aljanu ne."

Na ce masa ikon Allah ne, kuma an san hanyar da yake bi. Itace ya faɗi, laka ko yashi ya binne shi da wuri kafin gara da ruɓa su gama da shi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai ɗauke da sinadarin yashi ya yi ta ratsa shi, sinadarin yana cike kowane rami, har siffa ta zauna amma jiki ya koma dutse. Duwatsun wajen Ingal sun haura shekara miliyan 100, zamanin dainoso ne, wato manyan dabbobin dā da suka ƙare, kuma a yankin aka tono ƙasusuwan Jobaria, ƙatuwar dabbar nan mai dogon wuya. Na Moradi sun fi su tsufa nesa ba kusa ba, sun haura miliyan 250. A lokacin ƙasashen duniya a manne suke wuri ɗaya, dunƙulen da masana ke kira Panjiya, kuma inda Nijar take yanzu yana can ciki, nesa da teku. Looy da abokan aikinta, cikinsu har da masanin Nijar Oumarou Ide, sun karanta tsohuwar ƙasar wurin suka ga busasshiya ce, kamar hamadar Namib ta kudancin Afirka a yau. Amma a cikinta suka samu gungumen itace mai tsawon mita 25, da rassan itatuwa dangin masu ganye kamar allura. Suka yanka ƙasusuwan dabbobin wurin, dangin Bunostegos, wata mai girman saniya da ƙululai a kai, suka ga layukan da ke nuna girma yana tsayawa yana ci gaba, lokacin wadata da lokacin wuya.

Kawu ya ce, "Mita 25 a hamada? Tashi mu je gulbi."

Da la'asar muka gangara. Ya nuna mini inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. Gulbin Maraɗi a wannan lokaci yashi ne zalla, fari, yara na buga ƙwallo a tsakiyarsa, amalanken shanu na ratsawa. Ruwansa sai damina, daga wajen Katsina yake fitowa, ya zaga nan, ya sake komawa Najeriya. Amma gefensa kore shar: mangwaro, zogale, tumatir, albasa, injin ban ruwa yana ta kuka a bakin rijiya. Kawu ya soka sandarsa cikin yashi ya ce, "Gulbi ba ya mutuwa, ɓuya yake. Itacen da ya san hanya yana samun sa." Na karanta takardar su Looy ya fi sau uku, kuma abin da ta kammala a kai ke nan, cewa itatuwan Moradi da ruwan ƙarƙashin ƙasa suka rayu, tsakanin ambaliya da ambaliya. A kan yashin nan na gane shi sosai.

Na tsinko ganyen mangwaro na juya bayansa. Na ce masa a nan akwai dubban ƙofofin numfashi da ido ba ya gani. Idan iskar kabon ta yi yawa a sama, itatuwa da dama kan rage yawan ƙofofin, don haka masana ke ƙirga su a burbushin ganye su san irin iskar da aka shaƙa a wancan zamani. Sannan na ba shi labarin abin da ya biyo bayan itatuwan Moradi. Shekara miliyan 252 da suka wuce ƙasa ta yi ta aman wuta a Saiberiya, cikin Rasha ta yau, iskar kabon ta cika sama, duniya ta ɗau zafi, tekuna suka rasa iskar numfashi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in halittun teku suka ƙare. Dazuzzuka suka zube, wani gajeren tsiro marar rassa, Pleuromeia, ya mamaye filaye. Looy ta nuna tun 1999 cewa a Turai sai da aka yi shekara miliyan 4 zuwa 5 kafin daji ya dawo. Wannan adadin ne ya fi tsaya mini a rai, don ni a aji nakan yi maganar mutuwar, ban cika yin maganar daɗewar jinyar ba.

Kawu ya yi shiru. Can ya ce shi ya ga ƙaramin abin da idonsa. Lokacin farin da aka yi a 1984, daga nan har Dakoro sai ka hango mutum tun daga nesa, babu itacen da zai tare maka ido, iska na binne shuka. Daga baya manoma suka koma barin tohon kututture idan suna sassabe, su zaɓi mai ƙarfi su gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani. Ya nuna mini gawon da ke tsaye cikin gonakin tsallake, ganyensu shar a tsakiyar rani, awaki na tsintar 'ya'yansu a ƙasa. "Saiwar tana nan, mu ne muke sare kanta kowace shekara."

Washegari da zan tafi ya ce in ɗauki dutsen in kai wa ɗalibaina. Na ce a'a, hoto ya isa, na ɗauka ta kowane gefe da makullina a kusa don a ga girmansa. Jikarsa ƙarama ta tsuguna tana bin zobban da yatsa, tana ƙirgawa da Faransancin lakwal, ta kai goma sha ɗaya inda dutsen ya tsage. Kawu ya tura shi da ƙafa ya koma bayan ƙofa, ya raka ni har bakin titi.